Wace kalma za mu ba "cache" da Hausa? Ni dai randa na tsayar

1/
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kwamfuta da masu kishin harshe. Kalmar Hausa nake nema wadda za ta zauna a gurbin cache, kuma ina da wadda zan kare a gabanku. Bari in fara da abin da ya tayar da maganar.

2/
Akwai shafin wata ƙungiyar manoman shinkafa da na gina da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, a nan Birnin Kebbi, daga baya na danƙa wa ƙanena kula da shi. Shekaranjiya bayan isha'i ya kira ni, murya na rawa: "Yaya, an yi mana kutse." Manhajar tsaron da muka jona wa shafin, Wordfence, ta gama bincike ta jero masa fayiloli da jan gargaɗi. Sunayen kuwa ba irin waɗanda mutum ke raɗawa da bakinsa ba ne: wp-cache- a gaba, sai wani dogon jerin haruffa da lambobi a cakuɗe, sai .php a ƙarshe. Yana so ya goge su duka nan take, kuma yana tsoron in ya goge shafin ya rushe, shugabannin ƙungiya su ce shi ya ɓata musu aiki.

Na ce ya kwantar da hankalinsa, galibinsu cache ne. Ya ce, "Mene ne cache ɗin?" Sai na ga ba ni da kalma ɗaya da zan miƙa masa. Na yi ta kewaye-kewaye har katina ya kusa ƙarewa, shi kuma tsoronsa na nan yadda yake.

3/
Kafin a raɗa wa abu suna sai an san halinsa. Duk sa'ad da wani ya buɗe shafin WordPress, saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ce ke tashi da aiki: ta gudanar da umarnin PHP, yaren da aka rubuta WordPress da shi, ta tambayi rumbun bayanai ina rubutun, ina farashin, ina sharhin masu karatu, ta harhaɗa su wuri guda, sannan ta aika wa wayarka. In mutum ɗari suka buɗe shafi ɗaya, sau ɗari za a maimaita wannan wahala a kan abin da bai canja ba. Shi ya sa ake jona manhajoji irin su WP Super Cache ko W3 Total Cache ko LiteSpeed Cache. Aikinsu shi ne da zarar an haɗa shafi sau ɗaya, su ajiye kwafinsa a gefe, duk wanda ya zo daga baya a miƙa masa wannan kwafin ba tare da an koma tushe ba.

To halin abin uku ne. Kwafi ne, asalinsa yana wani wuri lafiya lau. An ajiye shi kusa ne don sauri. Kuma yana tsufa, don haka ana zubar da shi, ya sake cika. Duk kalmar da za mu zaɓa, in ba ta ɗauko na ukun nan ba, ba ta yi mini ba, domin shi ne ke gaya wa mutum abin da zai yi ranar da ya ga jan gargaɗi.

4/
Su ma Turawan Ingila ba kalmarsu ba ce. Daga Faransanci suka aro ta, daga cacher, wato ɓoyewa, kuma tun kafin kwamfuta ana kiran ramin da mafarauta ke binne guzuri don su dawo su same shi da wannan suna. Ta shiga harkar kwamfuta ne a 1968, lokacin da kamfanin IBM ya fito da na'urarsa System/360 Model 85. Kalmar daji ce aka shigo da ita ɗakin injiniyoyi, ba wanda ya ji kunyarta.

5/
Hanya mafi sauƙi ita ce mu hausantar da ita da sauti, yadda muka yi wa kwamfuta da intanet da fayil. Ban ƙi aro ba sam. Amma ku furta ta ku ji: kash. Wannan ai kalmar takaici ce a bakinmu. In ka ƙara mata wasali don ta zauna daidai a harshe, ta zama kashi, kun san inda aka nufa. Sannan duk mai POS daga Jega har Kamba in ya ce kash, kuɗi hannu yake nufi. Ku ƙaddara na rubuta wa ma'ajin ƙungiyar manoma cewa za mu goge kash ɗin da ke shafinku. Wannan hanya ta toshe tun daga bakin ƙofa.

6/
Wani ɗan uwa ya riga ya rubuto: maɓoya. Na gode, kuma fassarar asalin kalmar ke nan daidai. Amma ka tuna halin da ƙanena ke ciki a daren nan. Yana zargin ɓarayin intanet sun shigo, ni kuma in ce masa kada ka damu, maɓoya ce? A kunnen Bahaushe maɓoya ta 'yan fashi ce, ko ta mai gudun hukuma. Mu da ke Kebbi da Zamfara mun fi kowa sanin nauyin wannan kalma a shekarun nan. Kalmar da za ta ƙara wa mai tsoro tsoro ba ta yi aikin da muka aike ta ba.

7/
Waɗanda suka fi yawa a amsoshinku su ne ma'ajiya da taska da rumbu, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, don su ne suka fi kama da gaskiya, su ne kuma suka fi haɗari.

Duk ukun suna gaya wa mai sauraro abu ɗaya: abin da ke ciki mai daraja ne, a kiyaye shi. Taska ta dukiya ce da tarihi. Ma'ajiya wurin amana ce. Rumbu kuwa, wanda ya tashi a ƙauyukan Gwandu ko Argungu ya san abin da ruhewa, wato rumbun ƙasa, take nufi ga magidanci. Abincin shekara ne a ciki. Ba a buɗe ta da wasa, ba a barin yaro ya shiga, ranar da aka ga gindinta kafin sabon hatsi ya nuna kuwa ranar baƙin ciki ce. Yanzu ka ce wa ɗan manomi ya kwashe rumbu ya zubar, zai sake cika da kansa. Hannunsa ba zai yarda ba, kuma yana da gaskiya, domin kalmar ta gaya masa kishiyar abin da kake so ya yi.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Mun riga mun saba da kiran wurin da ainihin rubuce-rubucen shafi ke zaune rumbun bayanai, kuma sunan ya dace da shi ƙwarai, don shi ne abincin shekara. In muka ba cache sunan rumbu shi ma, wata rana sai an sami mai koyo da aka ce ya share rumbu, ya je ya share wanda ba a sharewa. Wannan asara ce da ba ta dawowa sai in akwai kwafin ajiya. A bar wa rumbu rumbunsa.

8/
Ma'ajiyar wucin gadi: ba ƙarya a cikinta, kuma na sha ganinta a rubuce. Amma bayani ce, ba suna ba. Ba mai gyaran waya a kasuwar Gusau da zai tsaya yana furta kalma uku sau ashirin a yini, zai koma wa ta Turancin ne. Kuma ba ta bambanta cache da sauran abubuwan wucin gadi na kwamfuta ba, waɗanda wasunsu ba kwafin komai ba ne.

9/
Wata Hajiya daga Gusau ta kawo ɗumame. Hajiya, wallahi na daɗe ina juya wannan, don kin hango abin da da yawa ba su hango ba: an dafa sau ɗaya, ana ci sau biyu, kuma na jiya ne. Inda muka rabu shi ne ɗumame ragowa ne, in aka zubar da shi an yi asarar tuwo. Sannan sai an sake hura wuta kafin a ci, alhali amfanin cache shi ne kada a sake hura wutar. Amma ban yar da kalmarki ba, za ta iya yi mana amfani wajen kwatanta shafin da aka sake miƙa wa maziyarci bayan an ɗan sabunta shi.

10/
Yanzu ga tawa, ko in ce ga ta Innarmu, don daga bakinta na ji.

Washegari na je gaishe ta, ƙanena na zaune, na sake gwada yi masa bayani. Na ce ka ɗauka bayanan shafin suna nesa, ɗebo su wahala ne, shi ya sa ake ɗebo wasu a ajiye kusa, kowa ya zo ya ɗiba, in sun daɗe a zubar a ɗebo sabo. Inna tana tsintar shinkafa ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "To mi ya hana ka ce mai randa?"

Ku auna ta da halayen nan uku. Ruwan randa daga rijiya yake, rijiyar tana nan ba ta je ko'ina ba. An ajiye shi a tsakar gida ne don kada duk mai jin ƙishirwa ya ɗauki guga da igiya. Kuma ba matar da ke kuka don an juye ruwan randa. Akasin haka ma, wadda ta bar shi ya yi kwanaki har laka ta kwanta a gindi, gansakuka ta fito, ita ake yi wa faɗa. Wanke randa tsafta ce, ba ɓarna ba. Abin da na kasa cusa wa yaron nan a dogon kiran waya, kalma ɗaya ta gaya masa, na ga fuskarsa ta saki nan take.

11/
Abin da ya ƙara ja na gare ta shi ne tana da dangi, ba ita kaɗai take tafe ba. Wadda ke kan saba, randar shafi. Wadda ke cikin Chrome ko Firefox a wayarka, randar burauza. Share ta, wanke randa. In ƙungiya ta sauya farashin buhun shinkafa a shafi, amma dillali a Yauri yana ta ganin tsohon farashi, sai ka ce masa ruwan jiya kake sha, wanke randarka. Wa'adin da ake sa wa kwafi kafin ya lalace, kwanan ruwa. Fayilolin da wa'adinsu ya wuce ba a kwashe ba, kwantai. Ba ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar ƙamus.

12/
Mu koma kan sunayen da suka firgita ƙanena.

Fayilolin randa ba mutum ke raɗa musu suna ba, manhaja ce, kuma tana iya yin dubbai. Dole kowanne ya sami sunan da ba zai yi karo da na wani ba, kuma dole ta iya gano shi cikin ƙiftawar ido. Sai ta ɗauki adireshin shafin haɗe da wasu bayanan maziyarci, ta zuba su cikin wani lissafi, ya fito mata da tambari. Wanda aka fi gani shi ne MD5, wanda Ronald Rivest ya ƙirƙira a 1991. Alamarsa ba ta ɓuya: gurbi 32 cif, ba komai a ciki sai lambobi daga 0 zuwa 9 da haruffa daga a zuwa f. Ba za ka taɓa ganin k ko z a ciki ba. Bayanai iri ɗaya kullum tambari ɗaya suke bayarwa, in ka sauya harafi guda kuwa tambarin duka ya sauya. Kamar shaidar da ake yi wa buhuna ne a wurin casar shinkafa: baƙo zai ga zane marar ma'ana, mai injin kuwa ya san na wane ne.

Don haka baƙon suna shi kaɗai ba laifi ba ne. Ni abin da nake dubawa shi ne mazauni. Randar WP Super Cache tana cikin wp-content/cache, kuma in ka buɗe irin fayil ɗin nan mai .php za ka ga ɗan gajeren umarni a farkonsa da ke hana a gudanar da shi kai tsaye, sauran duka rubutun shafinka ne da ka sani.

13/
To me ya sa mai gadi ya yi ihu? Wordfence tana gwada fayilolin WordPress na asali da kwafin da ke wurin masu manhajar, tana kuma leƙa cikin sauran fayiloli tana neman umarni mai kama da na masu kutse, ko adireshin shafukan da aka san su da cuta. Fayilolin randa ba su da wani asali da za a gwada su da shi, abin da ke cikinsu kawai take gani. A namu, wani ya ajiye sharhin banza ƙarƙashin wata sanarwa, da mahaɗi zuwa wani mugun shafi, aka amince da sharhin ba a lura ba. Randa ta kwafi shafin yadda yake, da dattinsa. Mai gadi bai yi ƙarya ba.

Nan ne kalmar ta fi yi mini aiki. Na ce wa ƙanena: ka wanke randa daga cikin manhajar da ta cika ta, ka zagaya shafin kaɗan don ta sake cika, ka sake bincike. In ruwan ya dawo garau, shi ke nan. In ya dawo da datti, kada ka ƙara zargin randa, je ka leƙa rijiya. Ya wanke, gargaɗin ya dawo. Bai sake kirana ba, da kansa ya bi sharhohi ya samo na banzan ya cire, ya sake wankewa, suka tafi. Da rumbu na ce masa ko ma'ajiya, da wannan tunanin bai zo masa ba.

14/
Gargaɗi ɗaya ga masu saurin hannu. A cikin wp-content akwai advanced-cache.php, a waje da foldar randa. Sunansa na da cache amma ba ruwa ba ne, moɗa ce: shi ke ɗebo kwafin ya miƙa wa maziyarci tun kafin sauran WordPress ya tashi. Ba a zubar da moɗa tare da ruwa.

15/
Saura fayil guda da wanki bai taɓa ba, kuma shi ne ya hana ni barci. Sunansa ya fara da cache, ya bi da 'yan haruffa da lambobi, ya ƙare da .php, sak irin na 'yan uwansa in ba ka ƙura ido ba. Amma yana zaune ne a wp-content/uploads, inda hotunan gonaki da takardun sanarwa suke. Me randa take yi a ɗakin hotuna? Lambobinsa ba su kai 32 ba. Da na buɗe shi, ba kalma ɗaya ta shafinmu a ciki, sai dunƙulen haruffa da aka naɗe da base64, wani salon rubutu da ke sauya wa umarni kama, da umarnin eval da zai gudanar da su bayan an warware su. Wannan ƙofar baya ce, wato hanyar da mai kutse ke sake shigowa ta cikinta a ɓoye. Wanda ya ajiye ta ya san masu shafi sun saba kau da kai daga duk abin da aka rubuta wa cache, shi ya sa ya sa mata rigar.

Mun ɗauki kwafin shafin duka tukuna, muka cire fayil ɗin, muka sauya kalmomin sirri na shafi da na saba da na rumbun bayanai, muka duba ko an ƙara wani mai gudanarwa da ba mu sani ba, muka sabunta wata tsohuwar manhaja da aka daɗe ba a taɓa ba, wadda nake zargin ta nan aka shigo. Ashe yaron yana da gaskiya da ya ce an yi kutse, ba a inda yake nunawa ba ne kawai.

16/
Allah ya gafarta Malam, na ga gyaranka daga Aliero, kuma na karanta shi sau biyu. Ka ce randa kalmar tsakar gida ce, ba za ta shiga takardar jarrabawa ba, kuma yaran birni na yanzu firji suka sani da ruwan leda. Ina girmama wannan. Amma Malam, yanar gizo fa? Daga kusurwar ɗakin da ba a share ba muka ɗauko ta, yau gidajen rediyo na duniya da ita suke labarai. Linzami na doki ne kafin a ɗora shi kan kwamfuta. Manhaja ta makaranta ce, tsarin karatu, yau ba wanda ke jin baƙuntarta a waya. Kalma takan sami girma ne daga aikin da aka sa ta. Yaran birni kuwa, ko a unguwannin da suka fi ƙawa a Birnin Kebbi, ka tsaya ƙofar masallaci lokacin zafin bazara ka ga ko ba randa da moɗa. Ko wanda bai taɓa wanke ta ba ya san ana wankewa. Inda na yarda da kai shi ne a rubutun ilimi a ce randar bayanai a ambaton farko, don kada mai karatu ya zaci zancen ruwa ake.

17/
Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya tambaya ko za ta ɗauki cache ɗin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura, mai hawa uku, L1 da L2 da L3. Ɗan uwa, tana ɗauka: randa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, mafi kusa ita ce mafi ƙanƙanta kuma mafi sauri. Dalilin bai canja ba, gudun zuwa rijiya ne.

Akwai dai inda kwatancen ya gaza, kuma gara in faɗa da bakina. Ruwan da ka ɗebo ya bar rijiya, kwafi kuwa ba ya rage komai daga asali. Sannan randa hannu ke cika ta, wannan kuwa da kanta take cika duk sa'ad da maziyarci ya zo. Na auna, na ga gazawar nan biyu ba ta kai mutum ga aikata kuskure. Gazawar rumbu da maɓoya kuwa tana kaiwa.

18/
A rubuce-rubucena daga yau, da kuma darasin da nake yi wa matasa ranar Asabar, randa zan riƙa cewa, da wanke randa, da fayilolin randa. Wanda ke da wadda ta fi ta, ya kawo ta tare da jimlar da zai gaya wa mai tsoro da ƙarfe goma na dare, mu gwada su gefe da gefe.

Tambarin nan mai gurbi 32 har yanzu ban gamsu da sunansa ba. Tambari na ce, wani ya ce shaida, wata ta ce zanen yatsa. 'Yan uwa na Talata Mafara da Kaura Namoda, me masu awo ke kiran alamar da suke yi wa buhu a wajenku?

Ɗazu da safe ƙanena ya turo mini saƙo: "Yaya, na wanke randa, na sake bincike, ba ja ko ɗaya. Amma akwai wani object-cache.php kusa da moɗar nan, shi ruwa ne ko moɗa?" Na ce moɗa ce, ya bar ta.